Gidan Waya a Cikin Jini

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya
ina jefa kowace wasiƙa a akwatinta:
ta Fagge daban, ta Gwammaja daban,
ta Gyaɗi-Gyaɗi ba ta kwana a jakar Kurna.
Na ɗauka na gama da aike
ranar da na miƙa makullai.

Sai ga ƙishirwa. Randa guda ba ta kashe ta.
Dare ɗaya in zaga sau bakwai,
da safe tururuwa sun yi sahu inda na tsuguna.
Mazagin wandona kullum ƙara tsawo yake.

A asibitin Murtala, bayan layi tun asuba,
Likita Zuwaira ta ga aikin da na rubuta a kati,
ta ajiye biro, ta ce, "Baba, ai kai ɗan gida ne.
Akwai gidan waya a jikinka da bai taɓa yajin aiki ba.

"Babban ofis na ƙasan ƙwaƙwalwa, bai kai ƙwayar wake ba,
daga nan umarni ke sauka ga rassa.
Reshe guda a maƙogwaro, ya shimfiɗa fukafukai kamar malam-buɗe-littafi,
shi ke cewa a hura wutar jiki ko a janye itace.
Biyu na zaune a kan ƙoda kamar hula.
Wani na kwance bayan tumbi, yana cin gashin kansa. Shi ne naka ya gaji."

Na ce, "To wa ke kai saƙon? Ina kekensa?"
Ta ce, "Jini. Kuma ba a rubuta adireshi.
Wasiƙa ta bi kowace unguwa,
ta wuce ƙofa dubu ba mai ce mata sannu,
sai akwatin da aka yanka domin ta, shi zai buɗe."

Na yi shiru. Da ni na yi haka a bakin aiki
da takardar kora ta riga ni zuwa gida.

"Taka wasiƙar," in ji ta, "layi ɗaya ce:
ku buɗe, ga sukari ya iso.
Ta yi ƙaranci, masu gidajen kuma sun yi kunnen uwar shegu.
Kaya jibge a titi, na ciki na kwana da yunwa."

Na fito. A Ƙofar Mata wani mai adaidaita sahu
ya shafi gefen rigata.
Kafin in san na tsorata, na tsallake kwata,
gabana na dukan uku-uku, yawu ya ƙafe.
Na jingina da bango na ce, wannan ta kan ƙoda ce,
tangaraho ce, ba ta bin layi.

Yanzu ko'ina karatu nake.
Jikana Mudassir ya yi sallama da wata murya,
rabi tasa, rabi ta wani magidanci da bai iso ba tukuna.
Na ce, an kawo masa tasa.
Jariri ya yi kuka a ɗakin Rumasa'u,
gaban rigarta ya jiƙe kafin ta yar da tsintsiya.
Sai na tuna maƙoƙon innata,
shekaru tana ɓoye shi a mayafi, ana cewa sammu ne,
ashe reshe ne ke kumbura yana neman abin da babu a gishirinta.
Wa ya sani a lokacin?

Na hana Ɗanliti sa mini sukari a shayi, ya yi fushi kwana biyu.
Gurasa rabi. Yakasai zuwa Ƙofar Nassarawa a ƙafa.
Kowace safiya in ɗage riga,
in kama fatar ciki da yatsu biyu, in kafa siririyar allura,
in tura saƙon da ofis ya kasa turawa.

Ladiyo na bakin ƙofa tana kallo.
"Ba ka ce ka yi ritaya ba?"
Na ce, "An sake kira na.
Gida ɗaya nake kai wa yanzu,
sai dai ba Lahadi, ba hutun Sallah."